Allo ya yi baƙi bayan ka sa direban NVIDIA? Tsaya, kar ka goge komai

Satin da ya wuce wani ƙanena ɗan jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya kawo min laftof shago wai ta mutu, ya sa direban katin hoto a Ubuntu ya kashe ya kunna sai allo baƙi ƙirin, ɗan tsinke fari kawai ke ƙiftawa a lungu. Har ya ɗauko filas zai goge komai, da aikinsa na kammala karatu a ciki fa. Na ce kai yaro zauna, kwamfutarka lafiyarta ƙalau, abin da ke zana hoto ne bai tashi ba, Xorg ko Wayland. Danna Ctrl+Alt+F3, za ta tambaye ka suna da lambar sirri, nan ne za ka rubuta umarnin gyara da ke ƙasa.

In hakan ma ya ƙi, a GRUB, wato jerin zaɓin da ke fitowa kafin Ubuntu ta tashi, ka danna e, ka ƙara nomodeset bayan quiet splash, sai F10. Nan 'yan Maradi ke shan wahala, don yawancin laftof ɗinmu AZERTY ne, shi kuwa GRUB QWERTY ya sani, ka danna m wani abu daban zai fito. Ita m ɗin tana kan maɓallin waƙafi, kusa da n.

Babban laifin shi ne sauko da fayil ɗin direban NVIDIA mai .run daga intanet. Ka ƙone data a banza, ranar da kanel, wato zuciyar Linux, ya sabunta sau da yawa sai allon ya koma gidan jiya. Cire shi da sudo nvidia-uninstall, sannan sudo ubuntu-drivers install, ita Ubuntu ta san wanda ya dace da katinka.

Sai Secure Boot, tsaron da ke hana direban da ba a sa wa hannu ba tashi. Bayan sake kunnawa wani shuɗin allo na iya fitowa, mutane su tsorata su wuce shi da sauri, alhali Enroll MOK ake so ka zaɓa ka sa lambar sirrin da ka ƙirƙira lokacin sa direban, in ba haka ba kanel ba zai yarda da direban ba. Nan ƙanen nawa ya faɗi.

Kwafo fayil ɗin saitin Xorg na wani kuwa, wato xorg.conf, wallahi ban san wa ya koya muku ba, katinku ba ɗaya ba. Goge shi, ka leƙa /var/log/Xorg.0.log ka nemi layukan EE, su ne na kuskure.

Kuma ka tabbata batir na da caji kafin ka fara, in wuta ta ɗauke tsakiyar aiki sudo dpkg --configure -a ne zai ƙarasa abin da ya tsaya.