Kurakuran da masu sayen tsohuwar Volvo P1800 ke ta maimaitawa

Na gaji da ganin hoton jar mota mai ƙyalli a wayata, ƙarƙashinsa an rubuta "an gyara ta tsaf, zan biya gobe". Volvo ta daina ƙera wannan mota tun 1973, ma'ana ƙaramar cikinsu ma ta haura shekara 50. Duk mai son saye ya zauna mu yi magana.

Babban kuskure shi ne sayen fenti. P1800 ba ta da shasi na daban, bodin ne ke ɗauke da komai, don haka idan tsatsa ta ci dokin ƙofa da daɓen ƙasa, ƙarfin motar ne ya tafi. Yawancinsu a Suwidin da Ingila da arewacin Amurka suka yi rayuwa, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kuma gishiri ba ya tausayin ƙarfe.

Ni wannan ya cinye ni. Na sayi 1800S, wato samfurin da aka haɗa a Suwidin, ta 1967 a hannun wani dillali, da yamma, ana yayyafi, motar na sheƙi kamar amarya. Ban leƙa ƙarƙashinta ba. Bayan wata takwas fenti ya soma kumbura a gefen fitilun gaba. Da mai walda ya kankare, sai ga fila, wato kwaɓin da ake cike rami da shi a jikin mota, mai kaurin yatsa, bayanta ragar waya, bayan ragar kuwa babu komai sai rami. Kitso aka yi da ƙwarƙwata! Wurin kafa jak ya ruɓe, gindin batir ma haka. Abin da na kashe a walda ya kusa kai kuɗin motar, kuma har yau raina na ɓaci idan na tuna. Tun daga nan ba na zuwa duba mota sai da maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle. Inda ya ƙi kamawa, fila ce. Ina ɗaga kafet, in buɗe but in cire safaya, in sa a ɗaga motar sama in ƙwanƙwasa da sukudireba. Kuma ina neman hotunan aikin tun motar na tsirara, kafin fenti. Mai motar da ya ce babu hoto, ko ya hana a ɗaga ta, sallama nake masa. Wasu na cewa na cika tsanani. Su ba su biya mai walda ba.

Na biyu, man giyabos. Yawancin waɗannan motoci na da giya huɗu da wata ƙarin giya ta Laycock da ake kunnawa da maɓalli idan an kai ta huɗu. Wannan giyabos, M41, baƙin mai na inji take sha, ba kakkauran man giya ba. Sai yaro ya kai ta wurin wanda bai taɓa ganin irinta ba, a ɗura mata man da bai dace ba, ta soma zamewa, ya dawo yana cewa Volvo ba ta da ƙarko. Haba malam! Injin da wani Ba'amurke, Irv Gordon, ya yi tafiyar fiye da mil miliyan 3 da irinsa a cikin 1800S ɗinsa ta 1966? Laifin naka ne. A gwajin tuƙi ka kunna maɓallin, ka kashe, sau da yawa, bayan motar ta yi zafi. Kada kuma ka kuskura ka yi baya alhali ƙarin giyar tana kunne.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo.

Ka san wadda kake saye. Kimanin 6,000 na farko kamfanin Jensen ne ya haɗa su a Ingila daga 1961, kafin a mayar da aikin Suwidin a 1963 a sa mata suna 1800S. Ka gwada lambar bodi da takardu, domin akwai masu liƙa bamba mai kama da ƙahon sa don a ɗauka ta farkon ce.

Idan 1800E ce, wadda ta fito a 1970 da tsarin feshin mai na Bosch D-Jetronic, ka nemo wanda ya iya shi kafin ka biya. Ni na fi son mai kafireta biyu na SU, da hannuna nake daidaita su.

Kada ka raina ɓataccen ƙarfen ado. Kayan inji na samuwa saboda tana tarayya da wata motar Volvo mai suna Amazon, amma kwalliyar jiki da agogunan dashbod nema ne mai wuya da tsada.

Idan ka ji ƙwas-ƙwas a gaban inji, ka tuhumi haƙorin kamshaf, na faiba ne, yana cinyewa. Ni ina canza shi da na ƙarfe a makon farko, ko da zai ɗan ƙara ƙara.