Idan namiji ya gaya maka an yi masa fyaɗe

Da farko dai ka yarda da shi, kar ka ce "to me ya hana ka kare kanka?" don wallahi irin wannan tambayar ce ke sa maza su haɗiye abin shekara da shekaru. Tsoro yakan sandarar da jiki mutum ya kasa ko motsi, kuma ko gabansa ya motsa a lokacin ba wai ya so ba ne. Ka gaya masa ba laifinsa ba ne.

Ku garzaya asibiti, in ba a wuce awa 72 da faruwar abin ba akwai maganin kariya daga HIV da ake sha kwana 28. Batun kai ƙara kuwa shi zai yanke, kai dai ka riƙe masa sirri.