Yadda zaka sa ɓerayen furojet ɗinka su ɗau ciki kan lokaci

Duk shekara sai kaga ɗalibai a Samaru sun sayo fararen ɓeraye, ƙananan nan da ake kira mice ba manyan da ake kira rat ba, don aikin bincike, a zuba mata da maza keji ɗaya, sati uku sati huɗu shiru ba ciki, ga supabaiza yana jira. Toh abinda mutane basu gane ba shine ɓera da hanci yake neman aure, ba ruwanshi da kyau. A fitsarin namiji akwai sinadarai da ake kira feromon, macen kuma tana da wata 'yar gaɓa ta musamman can ƙasan kogon hancinta da take karanta su, daga nan take sanin namiji ne ko mace, ƙaƙƙarfa ne ko rago, ɗan uwanta ne ko bare.

Da farko ka ware matan su kaɗai, kamar biyar zuwa goma a keji ɗaya nesa da maza, sati biyu haka. Idan mata suka taru ba warin namiji, zagayen jikinsu na shiga lokacin barbara da yake kwana 4 zuwa 5 sai ya ja baya ko ya tsaya, tun 1955 wasu masana Lee da Boot suka lura da haka. Kar ka tsorata, abinda muke so kenan. Daga nan sai ka ɗebo garin katakon da ke ƙarƙashin kejin namiji, wanda ya jiƙe da fitsari yana wannan ɗoyin da kake toshe hanci, ka zuba cikin kejin matan. Wajensu wlh wannan ya fi humra. Wajen dare na uku yawancinsu zasu shiga lokacin barbara tare, wani masani Whitten ne ya gano wannan a 1956. A yammacin rana ta ukun sai ka kai mace ɗaya ko biyu ɗakin namijin, kar ka kawo shi wajensu, sbd kejinshi ya riga ya shafe ko'ina da warinshi, a can yake jin shi maigida ne. In ka kai shi sabon waje ɓata lokaci zai yi yana bi lungu lungu yana ɗiga fitsari.

Da asuba bayan sallah ka duba, in an yi barbara zaka ga wani ɗan farin abu mai tauri ya toshe gaban macen, rubuta ranar a littafinka, haihuwa kwana 19 zuwa 21 ne daga nan.

Yanzu ga inda ake tafka asara. A kwana huɗun farko bayan barbara, in macen ta shaƙi warin wani namiji daban ba wanda ya hau ta ba, cikin sai ya lalace tun bai kama ba, ta koma kamar ba'a yi komai ba. Hilda Bruce ce ta gano shi a 1959. Kuma ba sai namijin ya shigo ba fa, garin katakonshi ma ya isa, ko ka taɓa wani namiji ya yi maka fitsari a hannu ka juyo ka ɗauke ta. Don haka ka sa safar hannu ka dinga canzawa, ka fara da matan kafin mazan, kar ka ara ma abokinka kejin da ba'a wanke ba, kejin baƙon namiji kuma ya yi nesa. Ni a ganina ma ka ƙyale ta kawai satin nan, abinci da ruwa shikenan.

Maganar wanki, masu tsafta da yawa su ma suna ɓata lamari. In ka wanke keji fes da omo ka sa sabon garin katako daga 'yan katako na Sabon Gari, ka bar ɗan tsohon sheƙarsu kaɗan a ciki don su gane gida. Kuma don Allah ranar da zaka shiga wajensu ka haƙura da turare, 'yan mata a ajiye humra da turaren wuta sai an fito.

In kana da zaɓi kar ka haɗa wa da ƙanwa, macen tafi karkata ga namijin da warinshi ya bambanta da na gidansu. 'Ya'yan kuma ka yaye su a kwana 21 ka raba maza da mata nan take, don warin babban namiji yana sa ƙananan mata su balaga da wuri, kafin ka ankara 'yar sati shida ta ɗau cikin da baka shirya ma ba.