Yadda ake haddace kalmomin Faransanci da kati ba tare da sun zube ba

Yawancin waɗanda na ga sun fara koyon Faransanci da kati, ɗalibi ne mai shirin jarrabawar DELF ta shaidar iya harshen ko ɗan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin Kano da Kwatano, ba wajen haɗa katin suke faɗuwa ba. A makon farko kowa gwani ne. An sayo kwali, an yanka, an cika shi da biro kala-kala. Kafin wata ya ƙare katunan suna cikin leda a ƙarƙashin katifa. Wajen bita ake samun matsala, shi ya sa can zan daɗe.

Fara da sayen farin kwali a shagon littattafai, ka yanka shi ƙanana kamar girman katin ATM. Falle ɗaya babba zai ba ka fiye da hamsin, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Kada ka yi da takardar littafin rubutu, domin rubutun baya yana leƙowa ta gaba, ido kuwa ba ya ƙin satar amsa.

Sai abin da za ka rubuta. Kati ɗaya, abu ɗaya. A gaba ka sa Hausa, a baya Faransanci. Na ce Hausa, ban ce Turanci ba, ko da kana jin Turancin kamar ruwa. Turanci da Faransanci suna da kalmomi masu kama da juna waɗanda ma'anarsu ta sha bamban: librairie shagon sayar da littattafai ne, ɗakin karatu kuwa, wato library a Turanci, bibliothèque ake ce masa. Wanda ya biyo ta Turanci sai ya faɗa wannan ramin.

Kada ka taɓa rubuta suna shi kaɗai, sai da un ko une a gabansa. Bahaushe ya saba da namiji da mace a cikin sunaye, wannan ya rage masa aiki, amma kuma nan tarkon yake, domin rabon bai zo ɗaya ba. Rana mace ce a wurinmu, a wurinsu le soleil namiji ne. Wata namiji ne a Hausa, la lune kuwa mace. In ka bar wa bakinka zaɓi, Hausa zai bi. Na fi son un da une a kan le da la saboda kalmomi irin su l'arbre da l'école, inda jinsin yake ɓuya. Ka rubuta un arbre, une école, magana ta ƙare. Fi'ili kuma ka rubuta shi da ƴar jelarsa: avoir besoin de, penser à. A ƙasan katin ka sa lafazin da rubutun Hausa, tunda Faransawa suna rubuta harufan da ba sa furtawa. Beaucoup dai "boku" ne kawai.

Kalmomin kuma su zama waɗanda ka ci karo da su da kanka, a darasin aji, a rediyo ko a bakin direban da ya ɗauko ka daga Maraɗi. Kwafo jerin kalmomi dubu daga intanet ɓata kwali ne.

Yanzu nemi kwalin takalmi ka raba cikinsa gida biyar. Wani ɗan jarida Bajamushe, Sebastian Leitner, shi ya yaɗa wannan tsarin a 1972. Duk sabon kati gida na ɗaya yake shiga. Wanda ka amsa daidai ya matsa gida na gaba, wanda ka faɗi ya koma na ɗaya, ko daga ina ya fito. Gida na ɗaya kullum ake duba shi, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako, na huɗu bayan mako biyu, na biyar sau ɗaya a wata. Wasu suna sauya tazarar, amma wannan ta fi sauƙin riƙewa. Ka rubuta ranakun a jikin murfin kwalin.

Dalilin tazarar tsoho ne. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus, shi ma Bajamushe, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa, inda ya riƙa haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana yana auna abin da ya rage masa. Ya ga mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko da ranar farko, daga nan sai ta rage sauri. Kowace bita da aka yi kafin kalma ta ɓace gaba ɗaya tana ƙara mata nisan kwana. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan ba tare da an kira masa sunan Bature ba: malam ba ya yi maka ƙari sai ka yi tishin na baya.

To, ga inda ake faɗuwa. Mutum ya ɗauki kati, ya ga "maƙwabci", ya ɗan yi jim, ya juya, ya ga un voisin, ya ce "ai na sani", ya jefa shi gida na biyu. Bai sani ba. Ganewa ya yi da ya gani, kuma gane kalma daban, fito da ita daga ka daban. A kasuwar Dantokpa ta Kwatano babu mai juya maka kati. Ƙa'idar ita ce, ba ka juya kati sai amsar ta fito daga bakinka da ƙarfi, kunnenka ya ji. Ba a zuci ba. A zuci kowa Bafaranshe ne. In ka ƙirga biyar ba ta zo ba, ka faɗi, ko da kana jin tana kan harshenka. In ka kawo kalmar amma ka ce une maimakon un, ka faɗi. In ka kawo rabi, ka faɗi. Katin ya koma gida na ɗaya, ko da daga na huɗu ya taso, kuma a nan ne hannu yake nauyi, domin mutum yana ganin kamar aikin makonni ne ya rushe. Sai ya fara yi wa kansa sassauci, ya mayar da shi gida na uku kawai. Bayan wata biyu gida na biyar ya cika maƙil da kalmomin da ba zai iya furta ko ɗaya ba in an tare shi a hanya, sai ya ce tsarin ne ba ya aiki.

In ka san ba za ka iya yi wa kanka adalci ba, ba ƙaninka ko matarka katunan su riƙa karanto maka Hausar. Ba sai sun iya Faransanci ba, lafazin da ka rubuta a ƙasa ya ishe su kama ka, kuma yara ba su da tausayi a irin wannan.

Abu na biyu a wajen bitar: ka cakuɗa katunan kowane zama. In kullum a jere ɗaya suke, jerin kake haddacewa. Za ka ga mutum yana kawo ranakun mako tiryan-tiryan daga lundi zuwa dimanche, amma ka tambaye shi Alhamis ita kaɗai, sai ya koma farko yana ƙirgawa da yatsa. Haka kuma kalmomi masu kama da juna, irin dessus da dessous, sama da ƙasa, kada su shiga kwalin rana ɗaya. Bari ɗaya ta zauna tukuna, ta kai gida na uku, sannan ka kawo ƴar'uwarta.

Katin da ya dawo gida na ɗaya sau da yawa, kada ka ci gaba da kokawa da shi. Yaga shi ka sake rubutawa cikin gajeriyar jimla da ta shafe ka. Attendre ta ƙi zama? Rubuta "ina jiran mota a tasha" a gaba, j'attends le bus à la gare a baya.

Sababbin kalmomi goma a rana sun isa, kuma sai bayan ka gama na ranar da suka wajaba. Goma a rana ɗari uku ne a wata. Ran da ka makara ko ka gaji, bar sababbin, yi bitar kawai. In tafiya ta kama ka, ɗaure na gida na ɗaya da roba ka sa a aljihu, zaman jira a tasha ya ishe ka.

Mai son waya, akwai manhajar Anki, wadda Damien Elmes ya fitar a 2006. Kyauta ce a kwamfuta da Android, inda ake kiranta AnkiDroid, amma a iPhone sai ka biya. Ita take lissafa maka ranakun bita, tana aiki ba tare da data ba, kuma kana iya sa mata murya, wanda kwali ba zai yi ba. Sai dai da kati ashirin sababbi a rana take zuwa, masu ita da kansu sun ce hakan yana iya kai mutum ga bitar kusan ɗari biyu kullum. Shiga saiti ka mayar da shi goma tun ranar farko. Kuma maɓallin Good, wanda ake dannawa in an amsa daidai, ya fi juya kwali sauƙi, don haka dokar furtawa da ƙarfi tana nan.

Katin da ya wuce gida na biyar sau biyu, cire shi ka ajiye a leda daban. Kalmomin wannan ledar su za ka riƙa nema a labaran RFI na Faransanci mai sauƙi, ka kuma gwada su a kan duk wanda ka samu yana jin harshen, ko mai shayin unguwarku ne in daga Damagaram ya zo.