Yadda nake gyara hoton tsoffin wasanni a sabon allo

Ranar da na kunna wasan kwamfuta Prince of Persia na 1989 a sabon allon da na sayo a kasuwar Dole, yariman ya fito gajere mai faɗi kamar an zauna masa a kai. Ƙanena ya yi ta dariya: "Yaya, wannan ne wasan da kake ta yabo?"

Matsalar sura ce. Wasannin DOS, wato tsohon tsarin kwamfuta, da yawa hotonsu ɗigo 320 a 200 ne, an zana su don allon da mai ƙeya, na 4:3, shi kuwa sabon allo 16:9 ne. Idan DOSBox, manhajar kunna wasannin DOS, kake amfani da shi, buɗe fayil ɗin saiti, ka mayar da aspect=false zuwa aspect=true. Baƙi zai bayyana hagu da dama. Ka ƙyale shi, kar ka ja hoton ya cika allo.

Wasannin Sega da Super Nintendo kuwa, a RetroArch, manhajar kunna wasannin tsoffin na'urori, nake kunna su. Akasari hotonsu layi 224 ne. Kunna Integer Scale a saitin RetroArch: a allo mai layi 1080 zai ninka su sau 4 cif, 896 ke nan, ɗigogin su fito daidai wa daida, babu dishi-dishi.

Daga nan sai shada, wato tacen da ke kwaikwayon layukan tsohuwar talabijin. Ana yabon wani mai suna crt-royale, amma yana da nauyi: tsohuwar kwamfutata a zafin Damagaram na watan Afrilu, fankarta har kuka take. Na koma zfast-crt, mara nauyi. Yana ɗan dusashe hoto, don haka ƙara hasken allo kaɗan.