Zaɓen harsashi da ɗura shi da hannu don farauta da babbar libarba

Kafin ka taɓa albarushi, fara da dabbar da za ka nema. Ni a wurina ita ce take zaɓar harsashi, ba lambar gudun da aka buga a jikin kwali ba. Libarba ko da .44 Magnum ce, wadda kamfanonin Remington da Smith & Wesson suka fito da ita a tsakiyar shekarun 1950 bayan nacin maharbin Amurka Elmer Keith, ba ta kai doguwar bindiga gudu ba. Abin da take da shi faɗin rami ne da nauyi, kuma da su za ka yi aiki.

Ga dabba mai laushin fata irin barewar nan mai farar wutsiya ta Amurka, harsashi mai rigar tagulla da rami a hanci, nauyin giren 240, wato wajen giram 15 da rabi, ya wadatar. Yana buɗewa a cikin huhu, jini ya zuba, bin sawu ya yi sauƙi. Sai dai kowane irinsa yana da iyakar gudun da aka ƙera shi dominsa. Kamfanin Hornady ma ya raba harsasansa XTP (mai laushi) da XTP Mag (mai tauri) saboda haka: in ka ɗora mai laushin a .454 Casull, wadda ta fi .44 ƙarfi, ka kora shi da ƙarfi, zai tarwatse a kan kafaɗa bai kai ga zuciya ba.

In kuwa maganar aladen daji ce, ko beyar, ko wata dabba mai kaurin ƙashi, ni dalma mai tauri nake ɗauka, giren 300 zuwa 320 a .44, mai faffaɗan goshi. Wannan goshin shi ne sirrin. Ba ya buɗewa, ba ya kuma kaucewa, yana fasa ƙashi ya yanka hanya miƙe ya fita ta ɗaya gefen. Gudun ƙafa 1,100 zuwa 1,200 a sakan ya ishe shi. Abin da ka ƙara a kan haka yawanci shurin bindiga ne kawai a wuyan hannunka. Inda doka ta hana dalma, kamar Kalifoniya tun 2019, sai ka koma ga zallan tagulla irin Barnes XPB, ka kuma nemi lissafin albarushinsa na musamman, domin ya fi na dalma tsawo a nauyi ɗaya, yana cin wuri a cikin kwanson da ake zuba albarushi.

Dalma tana da sharaɗi guda da mutane ke rainawa, wato ta dace da maƙogwaron silinda, bakin gaba na ramukan da ake sa harsashi a sashen libarba mai juyawa. Ɗauki harsashi ɗaya ka tura ta gaban kowane rami. Ya kamata ya wuce da ɗan dannawar yatsa. In ya faɗa da kansa, ya yi ƙanƙanta, wuta za ta bi gefensa ta narka shi, ka tarar da bututu ya yi dabe da dalma. Mai riga a .44 faɗinsa inci 0.429 ne ko 0.430, na dalma kuwa sau da yawa 0.430 ko 0.431 ake so.

Albarushi kuma, ba zan ba ka awo a nan ba, daga littafin kamfani za ka ɗauka, na wannan harsashin takamaimai, ka fara daga ƙasa. Albarusan H110 da W296 abu ɗaya ne a gwangwani biyu. Suna ba da gudu mafi girma, amma ba sa son a rage su, kuma suna buƙatar furaima mai zafi, wato ɗan abin gindin kwanso da ke kunna albarushi. Albarushin Alliant 2400 ya fi haƙuri in kana son sassauci. Kada ka yarda da cewa kwanso zai gaya maka matsi ya yi yawa. A libarba sau da yawa alamar ba ta bayyana sai an wuce gona da iri. Iyakar matsin .44 Magnum a ma'aunin SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindiga da harsashi ta Amurka, psi 36,000 ce, ta .454 Casull kuwa 65,000, kuma lissafin .45 Colt da aka rubuta don libarbar kamfanin Ruger kaɗai ba na tsohuwar bindiga ba ne.

Sai matse bakin kwanso. Duk harbi, shuri yana fizgar bindiga baya, harsasan da ke jira su zamo gaba kaɗan-kaɗan, har ɗaya ya leƙo ya tokare silinda. Gwajin ba wuya: auna tsawon harsashi guda da ka ɗura, ka sa masa alama, ka harba sauran ka bar shi, ka sake cikawa ka maimaita, sannan ka sake auna shi. In ya ƙaru, ƙara matsi a cikin tsagin harsashin, ka kuma duba ko wuyan kwanson yana riƙo da kyau.

Da ka sauya nauyin harsashi, sake saita idon bindiga. Mai nauyi ya fi daɗewa a bututu yayin da baki ke ɗagawa, shi ya sa yake sauka sama a kusa. Ka gwada a yadi 25, 50 da 75, a zaune ko a jingine da sanda yadda za ka yi a daji. Tazarar da duk harbinka ke shiga faɗin inci 8, nan ne iyakarka a kan dabba.