Yadda Ake Ƙera Ƙananan Kayayyaki Daga Garin Ƙarfe Da Na Tangaran: Jagora Ga Mai Fara Bincike

Hanyoyi biyu ne manya ake bi wajen mayar da garin ƙarfe ko na tangaran ya zama abu mai ƙwari ba tare da an narkar da shi ba. Ta farko ita ce a zuba garin a mazubi, a matse shi da ƙarfin gaske, sannan a gasa. Ta biyu kuwa ita ce a kwaɓa garin da kaki da roba, a ɗura kwaɓin cikin mazubi da irin injin da ake yin kayan roba da shi, a zare kakin da robar, sannan a gasa. Wannan ta biyun ita ake taƙaita sunanta na Turanci da PIM, kuma idan garin na ƙarfe ne akan ce MIM, idan na tangaran ne a ce CIM. Tun shekarun 1930 aka gwada ta wajen yin tangaran ɗin fulogin mota, amma sai a shekarun 1970 Raymond Wiech da abokan aikinsa a Kalifoniya ta Amurka suka ɗora ta a kan ƙarfe, har suka kafa kamfanin Parmatech a 1973. A yau da ita ake yin ƙarafan gyaran jerin haƙora, da gidan agogo, da ƙananan sassan wayar hannu da na kayan tiyata.

Siffar abin da za a ƙera ita ke zaɓar hanya. Matsi daga sama da ƙasa yake zuwa, saboda haka ya dace da abu kamar giyar inji ko zobe, amma ba ya iya fitar da rami a gefe ko lungu mai lanƙwasa. Ɗuri yana fitar da waɗannan duka, sai dai ya fi dacewa da ƙaramin abu, galibi wanda bai kai giram 100 ba, mai bango da bai wuce 'yan milimita ba, kuma wanda za a yi dubbansa, domin mazubin yana da tsada.

Wanda zai fara da matsi ya nemi garin ƙarfe da ƙwayoyinsa ba su wuce maikiron 150 ba (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), masu gargada a jiki, irin wanda ake samu idan an fesa wa narkakken ƙarfe ruwa, domin irin waɗannan ƙwayoyi su ke sarƙe juna su riƙe siffa bayan an fito da abu daga mazubi. A gauraya masa mai sa santsi, kamar zinki sitiyaret, kimanin kashi 0.5 zuwa 1 cikin 100 na nauyinsa, sannan a matse da ƙarfin da ke tsakanin megafaskal 400 da 800 (megafaskal ma'aunin ƙarfin matsi ne). Da irin wannan matsi garin baƙin ƙarfe yakan danƙare ya kai wajen giram 7 a kowace santimita kubik, alhali ƙarfen da ba shi da ƙofa ko ɗaya a jikinsa yana da 7.87. Gwajin farko da ya kamata a yi shi ne a matse samfura da yawa masu nauyi ɗaya, kowane da nasa ƙarfin matsi, a auna danƙarewar kowane, wato nauyinsa a kowace santimita kubik, a zana yadda take hawa. Za a ga tana hawa da sauri da farko, lokacin da ƙwayoyi ke gyara zama, sannan ta yi sanyi idan sun fara lotsewa suna taurara. Lissafin da wani mai bincike mai suna Heckel ya fitar a 1961 har yanzu da shi ake fassara wannan zane. Abin da masu fara aiki suke yawan mantawa shi ne gogayyar gari da bangon mazubi tana cinye wani ɓangare na matsin, don haka dogon samfur da aka matse daga sama kaɗai yakan fi danƙarewa a sama fiye da ƙasa. Maganin shi ne a matse daga ɓangarorin biyu, kuma a yanka samfur a auna samansa da tsakiyarsa da ƙasansa dabam-dabam. Garin tangaran ba ya lotsewa kamar na ƙarfe, shi ya sa ake dunƙula shi ƙanana-ƙanana da ɗan sinadarin ɗauri, a matse shi da ƙarfi kaɗan, ko kuma a sa shi a jakar roba a matse ta cikin ruwa ta kowace fuska. Gashin baƙin ƙarfen da aka matse yakan kasance a digiri 1120 na Selshiyos, na minti 20 zuwa 30.

Aikin ɗuri ya fi wannan tsawo, kuma a ganina yawancin aibin da ke bayyana a bakin tanderu tun wajen kwaɓi aka haife shi. Saboda haka a nan ya kamata mai bincike ya zauna sosai. Garin da ake so mai laushi ne ƙwarai, galibi ƙasa da maikiron 20, kuma mulmulalle, domin ya gudana cikin sauƙi. Garin ƙarfe marar tsatsa samfurin 316L da 17-4PH wanda aka fesa da iskar gas shi aka fi amfani da shi, sai garin baƙin ƙarfe na kabonil, wato wanda ake samu ta hanyar wargaza tururin wani sinadarin ƙarfe, wanda ƙwayarsa take wajen maikiron 5. A ɓangaren tangaran, alumina da zakoniya ne kan gaba, kuma ƙwayoyinsu sukan kai maikiron ɗaya ko ƙasa da haka. Kada a dogara da takardar mai sayarwa kaɗai. A auna rabon girman ƙwayoyin, a duba siffarsu a madubin ƙara girma, kuma a busar da garin kafin amfani, musamman da damina, domin gari mai laushi yana shan danshi.

Maɗauri, wato abin da ke riƙe garin, ba abu ɗaya ba ne. Yakan ƙunshi kakin farafin wanda ke sa kwaɓi ya gudana kuma shi ake fara cirewa, da roba irin folifurofilin ko foli'etilin wadda ke riƙe siffa har gashi ya fara, da ɗan asid na sitiyarik wanda ke shafe jikin ƙwayoyi ya sa maɗauri ya kama su. Babbar tambaya ita ce gari nawa za a sa, kuma da girma, wato yawan gurbin da garin ya ci, ake lissafa amsar, ba da nauyi ba. Ga ƙarfe yakan kasance tsakanin kashi 55 da 65 cikin 100, ga tangaran kuma ɗan ƙasa da haka. Misali, idan ana son kwaɓi mai girman santimita kubik 100 wanda gari ya ci 60 a cikinsa, a ninka 60 da 7.9, danƙarewar 316L ke nan, a sami giram 474 na gari, sannan a ninka 40 da kimanin 0.92 a sami giram 37 na maɗauri. A ma'aunin nauyi gari ya kusa kashi 93, duk da cewa a girma kashi 60 ne kawai, kuma rikita waɗannan lambobi biyu ya isa ya ɓata aikin wata guda.

Don gano iyakar abin da kwaɓi zai iya ɗauka, a narkar da robar a injin gauraya mai nuna ƙarfin da yake juyawa da shi, a zafin da ya ɗan wuce inda take narkewa, wato wajen digiri 170 zuwa 180 ga folifurofilin, a ƙara kaki, sannan a riƙa zuba gari kaɗan-kaɗan ana jira ma'auni ya lafa bayan kowane ƙari. Za a kai wurin da ma'aunin zai yi tsalle ya ƙi lafawa, alamar maɗauri ya daina cike ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyi. Wannan ita ce iyaka, kuma Randall German, wanda ya yi dogon bincike a wannan fanni a jami'o'in Amurka, ya ba da shawarar a yi aiki da kashi 2 zuwa 5 ƙasa da ita. Idan an gama kwaɓi a ɗebi samfura daga wurare dabam-dabam a auna danƙarewarsu, domin sai sun zo daidai da juna da kuma abin da lissafi ya nuna za a ce kwaɓi ya haɗu. A kuma auna kaurinsa a zafin da za a yi ɗuri. Abin da aka saba nema shi ne kada ya wuce faskal-daƙiƙa 1000, ma'aunin kaurin abu mai gudana ke nan, a saurin gudun da ake samu cikin mazubi.

Daga wannan rabo ne ake fitar da girman mazubi. Kamar yadda maginar tukunya ta san tukunyarta za ta ragu wajen bushewa da gashi, haka abin da aka ɗura zai tsuke, sai dai a nan raguwar tana kaiwa kashi 15 zuwa 20 a kowace fuska. Idan gari kashi 60 ne kuma ana sa ran gashi ya kai shi kashi 97 na cikakkiyar danƙarewa, a raba 0.97 da 0.60 a sami kusan 1.62, sannan a nemi lambar da idan aka jera ta sau uku aka ninka za ta ba da wannan, wato kusan 1.17. Ma'ana, wurin da ake son ya fito milimita 10 dole a sassaƙa shi milimita 11.7 a mazubi. Idan aka yi sakaci gari ya sauka zuwa kashi 58, wannan mazubin zai fitar da milimita 9.9, alhali kuskuren da masana'anta ke yarda da shi bai cika wuce kashi 0.3 zuwa 0.5 cikin 100 ba.

Wajen ɗuri a fara da mazubi mai sauƙi, irin na sandar da ake ja domin gwada ƙarfin abu. Kwaɓin ƙarfe yana hucewa da sauri fiye da roba zalla, don haka a ɗumama mazubi, kuma a fara da ɗura kaɗan da gangan, ana ƙarawa a hankali, domin a ga yadda kwaɓi yake cika ramin da inda kwaɓin da ya biyo ta ɓangarori biyu yake haɗuwa. Saurin da ya yi yawa yakan raba gari da maɗauri kusa da ƙofar shiga, har a ga baƙin zane a wurin. A auna nauyin kowane ɗanyen samfur, wato wanda ya fito daga mazubi ba a yi masa komai ba tukuna, a ware duk wanda ya kauce wa 'yan uwansa, domin sau da yawa iska ce ta maƙale a cikinsa.

Cire maɗauri shi ne mataki mafi cin lokaci, kuma gaggawa a cikinsa ba ta da magani daga baya. Akan yi shi kashi biyu. Da farko a nutsar da samfura cikin heften, wani ruwan sinadari mai narkar da kaki, mai zafin digiri 40 zuwa 60 na wasu sa'o'i domin kaki ya narke ya fita, ya bar ƙananan hanyoyi a jikin abu. A riƙa fitar da samfur ana busarwa ana aunawa har nauyinsa ya daina raguwa, kuma a kula cewa zafin da ya yi yawa yana kumbura robar ya tsaga samfur. Lokacin da ake bukata ba ya tafiya kai-da-kai da kauri: idan kaurin bango ya ninka biyu, lokaci yakan ninka kusan huɗu, kuma wannan ne ainihin dalilin da ya sa hanyar ba ta dace da manyan abubuwa ba. Bayan haka a sa samfura a tanderu, a riƙa ƙara zafi da kimanin digiri ɗaya a minti, ana tsayawa a wuraren da robar ke ruɓewa ta zama hayaƙi, har wajen digiri 500 zuwa 600. Ba a ƙirƙirar wuraren tsayawar da ka, ana samo su ne daga gwajin da ke auna raguwar nauyin maɗauri yayin da zafi ke hawa. Kamfanin BASF na Jamus yana da wata hanya mai sauri da kwaɓinsa na Catamold, inda tururin asid na naitirik a wajen digiri 120 yake wargaza irin robar da ke cikin wannan kwaɓi, amma tana bukatar tanderu na musamman mai ƙone gubar da ke fita. Ga ƙaramin ɗakin gwaji, maɗauri mai foli'etilin gilaikol, wanda ruwa ke wankewa, ya fi rashin haɗari. Abin da ya fito daga wannan mataki yana da rauni ƙwarai, taɓawa kaɗan sai ya marmashe, saboda haka ya fi kyau a zarce da shi gashi a tanderu ɗaya. Zagayen yakan ci yini guda ko fiye, kuma a wuraren da wutar lantarki ke ɗaukewa ba gargaɗi, kada a kunna tanderu sai an tanadi janareta da man da zai kai ƙarshen aiki.

A gashi ƙwayoyi suke manne wa juna ba tare da sun narke ba, ƙofofi su tsuke, abu ya kai kashi 96 zuwa 99 na cikakkiyar danƙarewa. Ana gasa 316L a wajen digiri 1300 zuwa 1380 cikin iskar haidurojin ko cikin tanderun da aka zuƙe iskarsa, alumina a wajen 1600 cikin iska ta yau da kullum, zakoniya kuma a wajen 1400 zuwa 1500. A ɗora samfura a kan faifan alumina mai santsi, a tallafi duk ɓangaren da ya yi tsawo ba madogara, domin nauyinsa zai lanƙwasa shi. Kafin a saki haidurojin a kori iskar da ke cikin tanderu da naitirojin ko agon, kuma garin taitaniyom da na alminiyom a nisanta su daga wuta da tartsatsi, domin suna iya kamawa.

Bayan gashi a auna tsawo da faɗi a kwatanta da lissafi, a auna danƙarewa ta hanyar Akimidis, wato nauyi a iska da nauyi a cikin ruwa, a yanka samfur a goge a duba ƙofofinsa, sannan a gwada tauri da ƙarfin ja, a kwatanta da ƙa'idar MPIF 35, wato mizanin ingancin da ƙungiyar masana'antun garin ƙarfe ta Amurka ta fitar. Ga 316L a auna kabon, domin kada ya wuce kashi 0.03 cikin 100, kuma idan ya wuce yawanci ragowar maɗauri ce ba ta fita ba. A kowane zagaye abu ɗaya kaɗai za a sauya, ko rabon gari, ko saurin zafi, ko tsawon gashi, kuma a ajiye samfura biyu ko uku daga kowane mataki ba tare da an kai su na gaba ba, domin da su za a bi sawun aibi. Ƙurji a fatar abu yana nuna an yi saurin cire maɗauri, raguwar da ta fi yawa a gefe ɗaya tana nuna gari da maɗauri sun rabu wajen ɗuri. Idan kuwa tsaga ce, a duba bakinta a madubin ƙara girma: in gefunanta sun mulmule sun yi sumul, tana nan tun kafin gashi, sai a koma ga ɗanyun samfuran da aka ajiye a karya su a nemi farkonta, in kuma suna da kaifi, bayan gashi ta faru, sai a rage saurin hucewar tanderu.